Malam Maniru da Gurbin 'Yar Fari

Shekara talatin da ɗaya, kullum kafin rana ta yi zafi, babur ɗin Malam Maniru kan baro Bodinga ya kama hanyar Shagari. Yana isa ƙaramin asibitin da ke kusa da Lambara sai ya share teburinsa, ya kunna tsohuwar kwamfuta, ya jira iyaye mata. Shi ne mai rajista. Ba ya allura, ba ya ba da magani, amma yawan sunayen da ya tura Sakkwato shi ne yawan allurar rigakafin da za a aiko.

Da furfurarsa ya koyi rubuta manhaja, a waya, abokan aiki suna yi masa tsiya wai tsoho ya koma aji ɗaya. Bai kula su ba.

Wata bazara ana shirin rigakafin sanƙarau, wata mata mai suna Shatu ta zo daga ruga da 'ya'yanta shida. Ta jero sunayen biyar, ta tsaya nan.

"Saura guda, Inna," in ji Malam.

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Haba Malam, ka san ba ni iya hwaɗin sunan wagga."

'Yar farinta ce, Habiba, kuma uwa mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari. Wata maƙwabciya ta faɗa a madadinta. Malam ya rubuta, kwamfuta ta ƙi karɓa. Ashe guntun umarnin da ke ɗaukar sunaye, wanda masu sana'ar ke kira fankshin, gurbi biyar kacal aka yi masa. Ya buɗe rajistar baya, ya ga duk gidan da yara suka wuce biyar, wanda aka bari waje kusan kullum ɗan fari ne, domin sunansa ne ke zuwa ƙarshe, daga bakin wani. Kuma jibi za a tura lissafin.

Wani ya ce a ƙara gurbi ya zama goma. Malam ya ce, "In mai sha ɗaya ta zo fa?" Ya nemi izinin shugabansa, ya sake rubuta umarnin. Alamar tauraro guda ya sa a gaban kalma ɗaya, ma'ana, ko suna nawa aka kawo, a karɓe su duka, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya hau babur ya bi gidajen nan, yana tambayar kakanni sunayen da iyaye suka kasa faɗa. Yara tamanin da huɗu ya dawo da su.

Kai ne, Malam, da ba ka ce mata su bar kunyarsu ba, na'urar ka sa ta gyara halinta. Wallahi mu da muka yi aiki da kai mun ji daɗinka, kuma barinka aiki ya taɓa mu.

Ranar da ya ajiye aiki, Shatu ta zo da ƙwaryar nono, wata budurwa doguwa na biye da ita. Har yau ba ta kira sunan ba. Da haɓa ta nuna ta.

"Ga wadda kaƙ ƙi bari a manta."

Allah ya saka maka da alheri, Malam Maniru. Ku kuma matasan da za ku zauna a kujerarsa, in kun zo rubuta naku umarnin, ku bar wa wanda ba a ambata ba wuri.