Garejin da Merv Ya Gina

Duk wanda ya yi makaranta a garin Wynyard a shekarun baya ya san Glenys Hallam, domin ita ce ke jan bas ɗin ɗalibai. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, idan ta ce "ku zauna" har na kujerar ƙarshe sai ya nemi wuri. Ta daɗe tana bin hanyoyin gonakin dankali da na shanu, ta kwaso yara da safe ta mayar da su da yamma, ba ta taɓa gogar ko keken wani ba. Abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne ribas. Akwai wani matsattsen lungu a bayan makaranta da direbobi maza ke gudu, ita kuwa sai ta waiga, ta murza sitiyari da hannu guda, bas ya shige kamar don shi aka yanka wurin.

Bayan ta ajiye aiki ne wuyanta ya matsa mata. Ta daure har ta gaji, daga baya likitoci suka yi mata aiki suka ɗaure ƙasusuwan da ƙarfe. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da waiwaye. Idan aka kira ta daga baya, sai dai ta juyo da jikinta gaba ɗaya.

Da a ce ita kaɗai ce, da ta haƙura da tuƙi. Amma ga Merv, mijinta. A da kafinta ne, kuma mayen kamun kifi, wanda ba ya bari Asabar ta same shi a tudu. Ciwon suga ya rage masa gani har aka karɓe lasisinsa, sannan ya taɓa masa ƙoda. Sau uku a mako sai an kai shi asibiti a Burnie an yi masa wankin ƙoda, kuma ba shi da direba sai matarsa.

Gidansu a kan tudu yake. Hanyar garejin ta gangaro ne kai tsaye zuwa babban titi, inda manyan motocin katako ke wucewa ba sassauci. Idan ta shiga garejin da gaba, dole ta fito da baya ta faɗa titi ba ta ganin abin da ke tahowa. Idan kuma za ta shiga da baya, sai ta hau gangaren ta kuma saita motar cikin ƙofar da Merv ya yi wa awo tun zamanin ƙananan motoci. Likitanta ya gaya mata gaskiya: za a turo mai gwaji ta duba tuƙinta, har da yadda take shiga gida, daga nan a san ko za a bar mata lasisi.

'Yarsu Corinne, wadda ke aiki a Melbourne, ta bugo waya.

"Mama, ku sayar da gidan nan ku koma kusa da asibiti mana. Me ya rage? Kin yi tuƙin da ya ishi mutum uku."

"Wa ya ce miki ya ishe ni?"

"Wuyanki ne ya ce."

"Wuyana ba shi ke riƙe da lasisi ba," in ji Glenys. "Ubanki a gidan nan yake iya barci. Ki bar ni da motata."

Ba ta tsaya a baki ba. Ta ba da tsohuwar motarsu ta karɓo mai lantarki, fara, ta hannu, irin wadda ke da kamara gaba da baya, kuma idan aka danna mata maɓalli takan murza sitiyari da kanta ta shiga inda aka nuna mata. Maƙwabcinsu Kostas, tsohon mai gyaran wuta, shi ya kafa mata wurin caji a bangon garejin. Yana aiki yana tsokanarta.

"Maƙwabciya, ke da kike koya wa maza ribas, yau mota ce za ta koya miki? Duniya ta zo ƙarshe."

"Ka kula da wayarka kada ta ja ka, tsoho. Ba ni da lokacin kai mutum biyu asibiti."

Ranar da ta fara gwada motar a gida, Merv ya fito da kujerarsa bakin baranda, Kostas ya jingina da shinge. Glenys ta tsayar da motar a ƙasan gangare, ta danna maɓallin. Motar ba ta da ƙara, sai kawai ta fara silalewa baya, sitiyari yana juyawa shi kaɗai kamar aljani ne ke riƙe da shi. Glenys ta dubi allon kamarar da ke gabanta, ta ga bangon gareji yana matsowa. Jikinta ya ba ta cewa an yi kusa da yawa. Kafin ta yi tunani hannunta ya riga ya cafke sitiyarin. Motar ta yi ɗan kuka ta sakar mata komai. Glenys ta ce a ranta bari ta ƙarasa da kanta, ta yunƙura za ta waiga, wuya ya ƙi. Sai jin ƙarar madubin hagu suka yi yana gogar ginshiƙi.

"Direba!" Merv ya kira daga baranda. "Ginshiƙin nan da hannuna na kafa shi. Bai yi miki laifin komai ba."

Kostas ya juya baya yana tari, don kada a ga dariyarsa.

Glenys ta fito ta duba madubin, ta shafa inda fenti ya ɗaye, ta shiga gida ta dafa shayi. Abin da ya fi ci mata rai ba ƙujewar ba ce. Ta san motar ba ta yi kuskure ba, ita ce ta kasa sakin hannu.

Washegari bayan ta sauke Merv a asibiti, maimakon ta zauna jira kamar kullum, sai ta wuce filin ajiye motoci na wurin ƙwallo, wanda ba kowa a cikinsa ranar aiki. Ta zaɓi fili tsakanin layuka, ta danna maɓalli, ta damƙe siket ɗinta da hannu biyu, ƙafarta a kan birki ba ta taka ba. Zufa ta karyo mata duk da sanyin da ake yi. Motar ta shiga daidai. Ta fito da ita ta sake. Ta yi ta yi har lokacin ɗauko Merv ya yi. Haka ta riƙa yi duk ranar asibiti, har ta gane kukan motar: wanne ne na "an kusa", wanne ne na "tsaya". Ta sa aka ƙara mata faffaɗan madubi a ciki. Sannu a hankali hannuwanta suka daina neman sitiyari.

Amma a gida labari ya sha bamban. Motar takan hau gangaren lafiya, ta sa bayanta cikin ƙofa, sai ta tsaya cak, allon ya yi ja ta gefe guda. Glenys ta san dalili tun kafin Kostas ya faɗa. Duk tsawon bangon nan kayan Merv ne: injin kwalekwale a kan katako, sandunan kamun kifi, raga, akwatin ƙanƙara, rigunan ruwa. Tsohuwar motar ta saba rarrafawa ta gefensu, wannan kuwa ta fi faɗi, kuma ba ta san alfarma ba.

Kwalekwalen an daɗe da sayar da shi, amma shi injin, Merv ya hana a taɓa shi. Duk bayan 'yan kwanaki yakan shiga ya goge shi da tsumma, ya ce idan ya ji sauƙi zai nemi wani kwalekwalen.

Ta yi kwanaki tana juya maganar, sannan ta same shi suna cin abincin rana.

"Merv, kayan nan na gareji sai sun tashi."

"Su tashi su je ina?"

"Inda za a yi amfani da su."

"Ni zan yi amfani da su. Motar da ba ta iya zama da injina, a mayar wa masu ita."

Glenys ta ajiye cokali. Ta juyo da jikinta gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Tsoho, ba za ka sake shiga teku ba. Ka sani, na sani. Ni kuma idan motar nan ba ta shiga garejin nan ba, za su karɓe lasisina, Corinne ta zo ta kwashe mu. Zaɓi ɗaya."

Ya ture farantinsa ya shiga ɗaki. Ta ji ciwon abin da ta faɗa har cikin ƙirjinta, amma ba ta bi shi ta janye ba.

Kwana biyu ba sa magana sai ta dole. Ranar asibiti suka tafi shiru suka dawo shiru, ga ruwan sama mai sanyi yana zuba. Tunda motar ba ta shiga ciki, a bakin titi take ajiye ta, su hau gangaren da ƙafa. Wankin ƙoda kan bar Merv ba ƙarfi. Ya dafa kafaɗarta, suna hawa a hankali, ruwa yana shiga musu wuya. A tsakiyar gangaren ya tsaya yana haki. Ya dubi ƙofar garejin, ya dubi matarsa da gashinta ya jiƙe ya manne a goshi.

"Kira mini Kostas," ya ce. "Amma ni zan faɗi inda kowane abu zai je. Kada ki sa baki."

Ranar Asabar aka ajiye masa kujera a bakin gareji, da bargo a gwiwa. Raga ya ce a kai wa ƙungiyar masu kwalekwale. Akwatin ƙanƙara ya bar wa Glenys. Da aka zo kan injin, ya daɗe yana kallonsa.

"Kai, Kostas, ɗauki. Amma ka sani aro ne."

"Aro ne, maigida. Duk kifin da ya kawo, rabi naka ne."

"Kai da ba ka iya kama ko mura ba? Yunwa za ta kashe ni."

Suka yi dariya su duka, ko da yake Merv ya ɗauki lokaci yana gyara bargonsa bai ɗago ba. Da yamma Glenys ta danna maɓalli, motar ta shige har ƙurya ta tsaya. Ta sa mata caji, ta rufe ƙofa, ta je ta soya masa dankali yadda yake so.

Mai gwajin da aka turo wata matashiya ce, Malama Faleolo, mai fara'a amma ba ta da yawan magana. Suka zagaya gari, suka bi ta shataletale, suka fita hanyar gonaki inda ruwan jiya ya bar taɓo. Glenys tana tuƙi tana duba madubai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta saba a bas. Da suka dawo gida ta tsaya a ƙasan gangare ta danna maɓalli.

Motar ta ƙi motsi. Allon ya nuna dishi-dishi, ba a ganin komai a baya.

Ga Merv a baranda, ga Kostas a shinge, ga baƙuwa a gefenta ta zuba mata ido. Wani abu a ranta ya ce ta sa ribas ta shiga da madubi kawai, ai ƙofar ta san ta. Yatsunta har sun taɓa sitiyari. Sai ta janye su. Ta kashe motar, ta ce, "Yi haƙuri, 'yata, ina zuwa." Ta fito ta zagaya baya, ta ga taɓo ya rufe idon kamarar. Ta goge shi da hankicinta, ta duba na gefe ma, ta dawo ta zauna. Wannan karon allon ya fito tas. Motar ta hau gangaren a hankali, ƙafar Glenys na kan birki, ta shige ta tsaya.

"Me ya hana ki shiga da kanki?" Malama Faleolo ta tambaya.

"Ba na ganin baya. Abin da ba na gani ba na taka shi."

Matashiyar ta gyaɗa kai. Aka bar mata lasisinta da sharaɗi: ta riƙa tuƙa mota mai irin wannan taimako, da rana kawai, kuma a sake duba ta baɗi. Glenys ta ce ta yarda, dama ba ta da wurin zuwa da dare.

Ta ci gaba da kai Merv Burnie. Daga baya ma ta ƙara da wata dattijuwa daga bayan layinsu, wadda ita ma ake yi wa wankin ƙoda ranaku ɗaya da shi, su biyun suna musu a baya tun daga gida har asibiti a kan wa ya fi wani shan wahala.

Da Kirsimeti Corinne ta zo hutu, Glenys ta ɗauko ta daga filin jirgi. Da suka iso ƙasan gangare, uwar ta danna maɓalli ta naɗe hannuwa a cinya. Sitiyari ya fara juyawa, mota ta nufi ƙofa da baya.

"Mama! Riƙe sitiyarin! Za mu daki bango!"

"Zauna, yarinya."

Corinne ta runtse ido ta riƙe kujera har motar ta tsaya. Da ta buɗe, ta dubi bango dama da hagu, ta sauke numfashi.

"Kullum haka kike yi?"

"Kullum. Fito ki sa mata caji, ga wayar nan a bango. Ubanki ya tashi tun safe yana jiranki, kuma ya ce kada ki kawo masa zancen sayar da gida sai bayan an ci abinci."