Ranar da Baba Kunne Ya Kama Kansa

Kafin masu shagunan layin gareji su ɗaga ƙofofinsu, Baba Kunne ya riga ya jingine kekensa a bakin rumfa. Zai share ƙasa, ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba, sannan ya zauna a kan wata kujerar mota da aka cire tun ba a haifi wasu direbobin ba. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Aikinsa birki ne, birki kawai. In ka kawo masa matsalar inji sai ya nuna maka rumfar Dogo, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, ya ce, "Je ka wurin wancan. In bai gyara ba zai ƙarasa maka ita, ka huta."

Ba a banza aka sa masa wannan suna ba. Ba ya taɓa sifana sai ya gama tambaya. "Ƙyas-ƙyas take yi ko gwaf? Sai ka taka birki, ko har in ka faɗa rami? In za ka yi gaba ne, ko in za ka yi baya?" Daga nan sai ya shiga gaba, ya kashe rediyo, ya sauke gilas, ya ce a zagaya da shi. Wani mai tasi da aka ce sai ya canza ƙafar motarsa gaba ɗaya yana nan yana ba da labari har gobe. Zagaye ɗaya suka yi, Baba ya cire taya, ya nuna masa gurbin wani ɗan ƙarfe da bai kai murfin kwalba ba, mai riƙe takalmin birki kada ya yi wasa. "Motarka lafiyarta ƙalau," in ji shi, "haƙori ɗaya ne ke girgiza."

Irin wannan labarin ya fi a ƙirga. Amma ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya faru wata ranar Laraba ne, wanda har yau in aka tayar da zancensa a layin sai ka ga mutane sun riƙe baki.

Da hantsi direban motar 'yan makaranta ya shigo, bayan ya sauke yara goma sha huɗu. Ya ce, "Baba, tun jiya in na taka birki sai in ji gwaf a hannun dama. In na yi baya ma haka. Da safen nan a gangaren gada har yaran suka yi ta dariya, wai motar tana atishawa."

Baba ya shiga, suka zagaya. Taku ɗaya direban ya yi wa birki, tsohon ya ce, "Koma. A hankali." Ya san wannan ƙarar kamar yadda ya san muryar 'ya'yansa. Akwai wani ƙarfe da ke rungume da faifan birki, shi ke matse takalman in an taka, noti biyu ne kuma ke riƙe da shi. In ya yi gwaf a gaba, ya yi gwaf a baya, to noti ya saki.

Aka ɗaga mota, aka cire taya. Noti ɗaya babu shi, ya faɗi a hanya. Na biyun kuwa, da Baba ya sa yatsu biyu ya murza, sai ya biyo hannunsa kamar an shafa masa mai. Direban ya dafe kai, ya zauna a ƙasa daɓas.

"Innalillahi! Da wannan na sauko gada da 'ya'yan mutane?"

Masu shaguna suka taru. Wani mai facin taya ya ce, "Wane marar imani ne ya yi wannan aikin? Wallahi a kai shi ofishin 'yan sanda!"

Baba yana tsugune, notin na tafin hannunsa, yana kallon takalman birkin. Sababbi ne fil. Ranar Asabar aka sa su, a wannan rumfar, a kan wannan buhun. Ya tuna ya ɗaure, ya tuna har ya ji sifana ta tsaya. Sai kuma ya tuna abin da yake ɓoye wa kowa wata uku: yatsun hannunsa na dama da ke mutuwa da safe, da kofin da ya suɓuce masa har 'yarsa ta ce, "Baba, lafiya kuwa?" ya ce santsi ne.

Dogo ya gane tun kafin kowa. Ya tsugunna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya. "Tsoho, ka ce zaren notin ne ya ci. Yana faruwa. Ni zan shaida."

Baba ya miƙe, ya dubi jama'a. "Ku bar neman mai laifi. Ni ne. Ni na ɗaura shi ranar Asabar, hannuna ne bai matse ba."

Mai faci ya buɗe baki ya kasa rufewa. Direban ya ce, "Haba Baba, kai? Kai fa aka ce mu riƙa kawo wa!"

"Ni ɗin. Kuma ba taka ce kaɗai ba. Tun Asabar mota shida na taɓa bayan taka." Ya juya wajen Dogo, mutumin da shi Baba ya shekara ashirin yana ce wa maɓarnaci, ya miƙa masa sifana. "Ɗaure wannan da hannunka. Sannan ka tayar da babur ɗinka."

Haka suka fita, Dogo na tuƙi, tsohon na baya rungume da jak ɗin ɗaga mota. Gida-gida, shago-shago. Ko'ina Baba ne ke fara magana, kuma magana ɗaya ce: "Na yi maka aiki, ban yarda da aikin ba, ka bari a duba." Huɗu suka samu lafiya. Ta biyar noti ya ɗan saki, mai ita ya wanke Baba tas a gaban maƙwabta, ya ce tsufa ya zo ba za a yi ritaya ba sai an kashe mutane. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi gaskiya."

Ta shida ta wani tela ce. Suka tarar da shago a rufe. Matarsa ta leƙo ta ce ai ya tafi kai mahaifiyarsa asibiti a wani gari, tun awa guda. Baba ya kira telan a waya.

"Kana ina?"

"Baba ne? Ga ni na kusa hawa tudun nan mai lanƙwasa. Ai kamar ka sani, motar ma ta fara wata 'yar ƙara in na taka..."

"Saurara. Kada ka taka birki da ƙarfi. Sauke giya, ka bar ta ta rage gudu da kanta, ka gangara gefe ka tsaya. Ko taku ɗaya kada ka ƙara. Ga mu nan."

Suka same shi a gindin tudun, tsohuwa na zaune a inuwar mota. Da Dogo ya cire taya, shi kansa sai da ya ja da baya yana salati. Duka notin biyu sun saki, ɗaya saura zare biyu ya fita. Telan ya dubi notin, ya dubi gangaren da ke bayan tudun, ya dubi mahaifiyarsa, hawaye kawai suka zubo masa. Tsohuwar ta sa aka yi mata bayani sau biyu. Sannan ta ce wa Baba, "Wato kai ka ɓata, kuma kai ka biyo mu da ƙafarka ka faɗa? Na yi shekara saba'in, ban taɓa ganin irin wannan ba. Zauna, bawan Allah, kana haki."

Washegari 'yarsa ta kai shi asibiti. Likita ya ce jijiyar hannun ce ta raunana, zai ji kamar ya matse alhali ƙarfin bai kai ba. Daga ranar Baba bai ƙara ɗaura noti a motar kowa ba. Ya kwashe sifanunsa ya kai rumfar Dogo. Yanzu shi ke shiga mota ya saurara, ya faɗi ciwon, Dogo ya ɗaure. Wasu masu motoci sun gudu, ba su dawo ba. Direban 'yan makaranta kuwa shi ne na farko da ya dawo.

Baba Kunne, kai ne wanda aka miƙa wa ƙarya mai sauƙi, har da mai shaida, ka ƙi karɓa. Kai ne ka ɗauki sunan da ka gina shekara talatin da takwas ka ajiye shi a ƙasa a gaban jama'a, don kada 'yar wani ko uwar wani ta kwana a ramin gada. Mai jin kukan ƙarfe, ashe kunnen naka har laifin kanka yana ji. Mun gode. Iyayen yara goma sha huɗu sun gode, ko da yawancinsu ba su san fuskarka ba. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Mu kuma da muka rage, makanike da malami, nas da magini, kowa akwai ranar da aikin hannunsa zai yi gwaf. In ranar ta zo, kada mu tsaya neman wanda za mu ɗora wa. Mu tashi mu bi bayan motar tun ba ta kai gangare ba.