Likitan Ƙafa da Motar Burodi

In ka shiga wurin wankin motar da ke bayan gidan mai, ka wuce famfo da injin feshi, can ƙurya za ka tarar da wata 'yar rumfar kwano. A cikinta akwai guntuwar kujera, da jak, da burushi bakwai rataye a ƙusa, babba har zuwa wanda bai fi na goge haƙori ba. Nan ne ofishin Likitan Ƙafa. Shekararsa ashirin da shida a wurin, kuma bai taɓa wanke gilashi ko ƙofa ba. Shi dai ƙafar mota, ita ma ba robar ba, ƙarfen da ke tsakiya. In ya gama wankewa sai ya tsane ta da tsumma, ya lakato kaki da yatsa biyu daga gwangwaninsa, ya bi kowane lungu yana shafawa, ya jira ya sha iska, sannan ya goge har sai ya hango hurhurar gemunsa a ciki.

Kakin nan shi yake haɗa abinsa, na kanti da na zuma, kuma ko matarsa ba ta san awon ba. Mutum ne mai ɗoki kamar ba dattijo ba. Ko gaisuwa ka tsaya yi da shi, sai ya jawo ka ya nuna maka baƙar ƙurar da birki ke fesawa, ya ce ita ce ke cin ƙarfe tana barinsa da zanzana. Sai ya watsa ruwa a ƙafar da ya gama, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, shi kuwa ya dube ka yana washe baki kamar yau ya fara gani. Matarsa takan ce da ana shafa wa mutum kaki, da tuni ita ma ta ga gata.

Aibinsa ɗaya, kuma ba ƙarami ba ne: mota guda sai ta ci masa awa ɗaya da rabi. Tsohon maigidan wurin ya saba da haka. Amma da ya rasu 'yarsa ta karɓi ragama, wadda Likita ya sha ɗauka a kafaɗa tana ƙarama, yanzu kowa Manaja yake ce mata. Wata safiya ta zo rumfar da farar kwalba a hannu.

"Baba, ka ga wannan? Fesawa ake yi a ɗauraye, minti biyar an gama, kuma yana rufe ƙarfen ruf. Ina son wurin nan in kafa injin busar da mota."

"Wane wurin? Rumfata?"

"Ita fa, Baba. Ka koma gaba wajen karɓar makulli, ka huta da durƙuso."

Likita ya miƙe har kujerar ta kife. Ya ce shi ba a raba shi da rumfarsa da baki, sai dai a gwada. A samo motar da ta fi kowace shan wahala, ya yi wa ƙafafun hagu kaki, ita ta fesa wa na dama ruwanta, gaba da baya, tunda na gaba sun fi kwasar ƙurar birki. A bar ta mako guda ba wanki. Ranar da ta dawo a watsa wa kowane ɓangare bokiti ɗaya, wanda ya fi fita shi ya ci. In ya faɗi, da hannunsa zai cire ƙusar farko daga rumfar. Manaja ta yi dariya ta ce ta yarda.

Motar da aka zaɓa ta kai burodi ce, wadda ba lungun da ba ta shiga, kuma direbanta ƙanin matar Likita ne, wani mai faɗin kai da son a ce ya yi gwaninta. Ran nan Likita ya yi aiki kamar zai kai amarya. Yana gogewa yana yi wa masu wanki bayani, su kuwa suna ta zuga shi. Da motar za ta tashi ya bi ta har bakin titi yana ɗaga murya: "Kar ka ji tausayinta! Duk ramin da ka gani ka faɗa!"

Makon nan bai zauna wuri ɗaya ba. Duk motar da ta shigo sai ya ba mai ita labarin gasar, har mai faci na tsallaken titi ya ce zai rufe shago ya zo kallo.

Ranar ta zo, fili ya cika. Motar burodi ta shigo tana hon, aka yi caa a kanta. Ƙafafun dama sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Da aka zagayo hagu sai wuri ya kaure da ihu, don ƙafafun Likita fes suke, ƙurar da ke jikinsu ba ta taka kara ta karya ba. Masu wanki suka fara tafi. Manaja ta riƙe haɓa ta ce, "To, Baba, ai ba sai an ɓarnatar da ruwa ba. Na sallama."

Likita dai bai yi dariya ba. Murnar ta taso masa, sai kuma ta tsaya, domin ya san kaki ba ya hana ƙura sauka, hana ta kamawa yake yi. Ya durƙusa ya shafa ƙarfen, ya ji yatsansa yana turjewa. Ya ɗauki bokiti ya watsa. Ruwan ya shimfiɗe ya manne, ko ƙwaya ɗaya bai dunƙule ba.

Ya juyo a hankali ya dubi direban. "Kai, zo nan. Me ka yi wa ƙafafun nan?"

"Ni? Yaya, wallahi tuƙi kawai..."

"Kar ka rantse. Da me ka wanke su?"

Direban ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. "Garin sabulu ne da ruwan zafi. Kullum da safe kafin in ɗauki kaya. Yaya, rana ta biyu na ga sun fara baƙi, na ce in aka kore ka ina zan sa kaina wurin Yayata?"

"Amma kai dai an yi sakarai! Ka kankare min kaki tas, ka zo kana min hon!"

Dariya ta ɓarke, har mai faci yana dafa bango. Manaja ce kaɗai ba ta dara ba. Ta ce, "Baba, ka san da ka yi shiru rumfa ta zama taka?"

"Na sani, 'yar nan. Amma sabulu ne ya ci, ba ni ba."

Sai ta zaro makullin motarta ta miƙa masa. Ta ce a sake gwajin a kan motarta, ita za ta tuƙa da kanta, ba mai taɓawa, mako guda, kuma sharaɗi yana nan yadda yake.

Wannan makon daban ne. Ɗokin yana nan, amma tsoro ya shigo cikinsa, domin Likita ya ga abin da mutane ba su lura da shi ba: da aka watsa wa ƙafafun dama na motar burodi ruwa daga baya, baƙin ya zube ba laifi. Ruwan kwalbar nan ba na wasa ba ne. Shekara ashirin da shida yana cika baki, sai yanzu ya tuna bai taɓa kara kakinsa da na kowa ba. Abinci ma kaɗan yake taɓawa. Matarsa ta ce wanda aka ba shi ya mayar ai ba shi da bakin ƙorafi, amma ta daina gaisa da ƙaninta har kwana uku.

Da motar Manaja ta shigo ranar ƙarshe, ƙafafu huɗun duk sun yi baƙi iri ɗaya. Bayanta kuma ga kafinta da guduma da tsani, ta taho da shi don kar a ɓata lokaci wajen cire rumfar. Aka fara da dama. Ruwa ya sauka, ƙura ta tafi, ta bar dishi-dishi a lungunan noti. Masu kallo suka ce ba laifi.

Likita ya ɗaga nasa bokitin, sai kuma ya dire shi ƙasa. Ya waiga ya ga direban burodi a raɓe bayan mutane.

"Kai, mai sabulu! Zo ka watsa, ni na kasa."

Direban ya karɓa ya watsa da ƙarfinsa. Baƙin ya sulale gaba ɗaya ya bi kwata, har cikin lungunan noti, ƙarfen ya fito fari tas, ruwa ya tsaya a kansa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani? Kun gani ko!" Likita ya daka tsalle, ya rungume direban da jiƙaƙƙen hannu, ya sake shi, ya kamo hannun kafinta da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya jawo shi ya durƙusar a gaban ƙafar. "Malam, duba da kyau! Taɓa ka ji!"

Kafintan ya taɓa, ya ɗago ya dubi Manaja yana tambayar ta ina zai fara cirewa. Ita kuwa tana tsaye tana kallon dattijon yana share ido da tsumman kaki. Ta ɗaga kai ta dubi rufin rumfar, inda rana ke leƙowa ta huda uku.

"Tunda ka zo da tsani," in ji ta, "hau ka sauya masa kwanon nan, yana yoyo."