Tagar da Muka Yanka wa Rediyon Baba

Shekarar da Inna ta tafi aikin Hajji, Baba ya faɗi daga kan babur ya karye a cinya. Lokacin muna unguwar Limawa a Dutse, ba a daɗe da taso ma'aikata daga Kano ba, ɗakinmu kuwa kwano ne a sama, kwano a gefe huɗu. Mai ɗori ya ce kada a motsa shi.

Gidan rediyon da nake karanta labarai ya sanar cewa ranar Juma'a bayan la'asar matan Dutse za su gaida gida kai tsaye daga Makka. Baba ya ce sai ya ji muryar Inna. Kunnensa ya yi nauyi, sai an kara masa rediyon a kunne. A tsakar gida rediyon yana magana tar, da an shigo da shi ɗaki sai shuu.

"Kai ba a can kake aiki ba?" in ji Baba. "Maganarku ce ta ƙi shigowa, ka nuna mata hanya."

Ni karatu kawai na iya. Kawu, wanda ya zo dubiya daga Kiyawa, ya ce ai magana iska ce, ƙananan ƙofofi sun ishe ta. Muka bi bangon da ƙusa har ya koma rariya. Rana ta shigo ɗigo-ɗigo, magana ba ta shigo ba. Maƙwabcinmu mai walda ya ce raha muke yi, ya yanka taga kamar faɗin faranti. Muka kunna, sai ga wani yana zuba Faransanci.

"Alhamdulillahi," in ji Baba, "an buɗe wa baƙo, ɗan gida yana waje."

Na tambayi injiniyan gidan rediyonmu girman tagar da ya dace. Ya ce zangon tasharmu ya fi filin ƙwallo tsawo. Na gyaɗa kai, na taho ina tunanin yadda abu mai wannan tsawo zai shiga ɗakin da bai fi rumfar mai shayi ba.

Juma'a ta zo, shirin ya fara a rediyon maƙwabta, namu yana shuu. Baba ya fusata ya maka wa bangon sandarsa. Ƙusoshi suka saki, kwano biyu suka rabu daga sama har ƙasa, tsagar ba ta fi yatsa ba. Rediyon ya washe.

Mata da dama suka wuce, sannan Inna: "Ina gaida Malam, a ce masa ya rage gudu a kan babur ɗin nan."

Baba ya yi dariya har cinyar ta amsa, ya goge ido da hularsa.

Daga baya injiniyan ya ce tsawon tsaga ya fi faɗin taga amfani, amma ko hakan bai kamata ya isa ba. Kawu ya ce ƙofofinsa ne suka yi aiki a makare. Har yau ban san wanda zan gaskata ba. Baba dai ya hana a mayar da ƙusoshin, har damina ta same mu.