Sakatar da ta kai ni Kore Mairuwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Dogon Dutsi, ni da wani abokina ma'aikaci mai jin Faransanci. Ni walda ce sana'ata. Na ƙirƙiro wata sakata mai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai motsewa ya miƙe, da ke riƙe amalanken shanu da karkiya, ba ta zamewa ko a gangara, har na yi mata takardar mallaka a Yamai. Sai aka kawo mini labari wai wani mai walda a Kore Mairuwa yana yin irinta, yana kuma cewa shi ya riga ni. Raina ya ɓaci.

Kuɗin mota ya ƙaru, kujera kuwa ta ragu, don mun zauna kamar an ɗaure damin hatsi. Kwalta ba laifi. Gero ya yi kai hagu da dama, amma ban ba shi ido ba, bakina na aiki. Duk wanda ya shigo sai na karanta masa cewa wajen ɓarawon fasaha za ni, da sunansa da unguwarsu. Wata tsohuwa a gefena sai ta miƙo mini ƙuli-ƙuli. Na ci, na ci gaba da zagi. Fasinjoji na ta sauka a ƙauyukan hanya suna girgiza kai.

Muna isa tasha na fara tambayar gidan mutumin. Tsohuwar ta gyara ƙullin kayanta ta ce, "Taho, ɗana, in gwada maka gidan ɓarawon. Ni na haihe shi."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Mutumin bai tambayi abin da ya kawo mu ba sai da muka sha fura. Sannan ya ɗauko sakatarsa, abokina ya buɗe takardar mallakata ta Faransanci yana karantawa yana fassarawa. Ashe abin da aka rubuta kaɗai take karewa, wato sakata mai kulle kanta da sifirin. Ni da kaina na nace a sa sifirin ɗin, don shi ne abin alfaharina. Tasa ko ƙyallin sifirin babu, zobe ne ke faɗowa ya tare ta. Abokina ya ce maganar wa ya riga wa ma ba ta taso ba, tunda ba abu ɗaya muka ƙera ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni na yahe. Waɗanda sunka sauka bisa hanya hwa?"

La'asar sakaliya muka dawo gida. Na koyi cewa takarda tana da iyaka kamar gona, kuma a karanta ta kafin a buɗe baki. Mu huɗu muka ji an wanke mutumin nan. Waɗanda suka ji na kira shi ɓarawo kuwa mota guda ne, kuma ban san ƙofar gidan ko ɗaya ba.