Wa Ya Kashe Baƙon Maigida?

Shekarun baya, tun wutar lantarki ba ta shigo unguwarmu a Salaga ba, talabijin ɗaya ce tal a layinmu, ta wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan keke. Da batirin mota take aiki, eriyarta kuma na can a kan wata doguwar gora. Ranar Lahadi bayan magariba ake fito da ita tsakar gida, manya su zauna a benci, mu samari a tsaye, mata na leƙe daga ƙofar madafa. Abin da ke tara mu wani wasan 'yan sanda ne da ake yi da Tonanci, yaren mutanen Kumasi, ana surka shi da Turanci. Mu kuwa Tonancin yawancinmu bai wuce na cinikin goro ba. Saboda haka muna da tafinta, wani tela da ya taɓa zama a Kumasi. Ɗan wasa zai faɗi kalma biyu, tela ya yi ta zuba kamar mai huɗuba, kuma ba mai bakin ƙaryata shi.

Wata Lahadi aka nuna wani ɗan kasuwa da ya sauka a gidan wani mai masauki, gari ya waye aka tsinci gawarsa a bayan katanga. Sifeto mai gashin baki ya zargi mutum uku: direban da ya kawo shi, ƙanen mamacin, da maigidan da ya sauke shi. A ƙarshe ya tara su a falo, ya ɗaga yatsa zai nuna mai laifi. Sai hoton ya fara tsukewa, ya koma ɗan ɗigo fari, ya ɓace. Batir ya mutu.

Aka yi caa a kan tela. "Wa zai nuna?"

Ya ce, "Ni ma da ido nake kallo kamar ku. Amma yatsan nan wajen maigida ya nufa paa."

Nan musu ya kaure. Mai talabijin ya ce direba ne, don idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mahaifiyata ta ce ƙanen ne, wai kukan da ba majina ba kuka ba ne. Ni kuwa duk wanda ya yi magana a ƙarshe, shi nake bi. Kafin mu watse na yanke wa mutum ukun nan hukunci duka, na kuma wanke su duka.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ba ku labarin ba. Amma ina da kawu, yayan mahaifiyata, wanda shi ma maigida ne. Fatake masu shanu daga arewa a gidansa suke sauka, ya ba su ɗaki da tuwo, ya adana musu kaya, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu in an so cutar su. Ba shi da shago, ba shi da allon talla, sunansa ne jarinsa. Bai taɓa zuwa kallo ba, yana cewa shi bai ga amfanin zama gaban mutanen da ba sa amsa sallama ba. Sai aka yi rashin sa'a maigidan cikin wasan yana da wushirya irin ta kawu, kuma da goro ya tarbi baƙonsa, kamar yadda kawu ke yi.

Washegari a kasuwa wani mahauci, abokin wasan kawu, ya ɗaga murya: "Maigida, ina ka kai baƙon?" Aka kwashe da dariya, har kawu ya tanka masa da tasa barkwancin. To amma magana zarar bunu ce. Tana tafiya baki zuwa baki har ta isa kunnen makiyaya da fataken da ba su taɓa ganin talabijin ba, kuma a hanya ta yar da talabijin ɗin. Abin da ya rage shi ne wai wani maigida mai wushirya ya kashe baƙonsa. Baƙi suka fara ratsewa zuwa wasu gidaje. Wasu suka gwammace kwana a tasha. Tuwon da ake tuƙa wa baƙi ya riƙa komawa ciki ba a taɓa ba.

Muka zuba ido ga Lahadi mai zuwa. Aka kai batir caji, aka dawo da shi, muka cika gidan har bakin titi. Sai ga sifeto yana bin wasu ɓarayin taya, sabon labari fil, ko zancen mamacin bai yi ba.

A lokacin ina sarin albasa daga Bawku. Ana gobe zan tafi kawu ya kira ni zaure. Ya ce, "Ɗana, tunda arewa za ka, ka tambayo min. Wa ya kashe mutumin nan?"

Na ce, "Kawu, wasa ne fa. Ba wanda ya mutu."

Ya ce, "Na sani. Amma leƙa ɗakunan nan ka gaya min ko su ma wasa ne."

Na leƙa, tabarmi duk a naɗe. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa jin kawu ya roƙi kowa komai ba.

A Yendi na sauka da ƙarfin gwiwa, na nufi teburin mai shayi a tasha. Ashe su ma sun kalla, sai dai sifeto na tara mutane aka kira isha, maza suka tashi, da suka dawo ana karanta labarai. Mai shayin ya ce tafintansu ya tabbatar musu direba ne. Direbobin da ke wurin suka taso masa kamar za su cinye shi. Ɗaya ya ce, "Haba Masa, direba in zai kashe mutum a hanya zai kashe shi, me ya kai shi bayan katanga?"

Wata mai koko ta tsoma baki. "Ku bar gardama. Ni ban tashi ba koraa, har aka gama. Matar maigida ce ta kashe shi."

Na ce, "Iya, a namu ai babu mata."

Ta ce, "A namu akwai."

Na shiga motar Bawku da mai laifi na huɗu a kaina.

A Bawku kuma iska ce ta juya musu gorar eriya. Murya na fita, hoto kuwa sai yayyafi. Sun ji ƙarar ankwa, sun ji wani na kuka, amma ba su ga fuska ba. Duk da haka a kasuwar albasa kansu haɗe yake: ba wanda aka kashe. Wai mutumin tsallake iyaka ya yi aka ajiye wata gawa a madadinsa. Wani dillali ya ce min, "Kai ɗan Salaga ne shi ya sa. Nan bakin iyaka kowa ya san yadda ake ɓacewa." Na zauna a kan buhun albasa kaina na juyawa. Har na fara kokwanton ko da gaske na ga wushiryar nan, ko tela ne ya faɗa na ɗauka na gani.

Kafin in juyo na je gaida wani tsoho ɗan ƙabilar Mosawa, bafataken shanu da ke sauka gidan kawu tun zamanin kakana. Ciwon gwiwa ya sa ya bar tafiya. Na kwashe komai na gaya masa, da direba, da mata, da wanda ya tsallake iyaka. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Baba."

"Wa aka kama?"

"Ban sani ba."

"To kai me ka zo nema?"

Na ce aiken kawu ne. Can ya ce, "Gidan maigidana ba baƙo?" Na ce ko ɗaya. Na yi masa sallama ina jin kunyar komawa hannu rabbana.

Da safe na iso wurin mota sai na tarar da shi a zaune da tabarma da buta da sandarsa. Ba saniya, ba kaya. Na ce, "Baba, ina zuwa?" Ya ce, "Zan je na kwana."

Hanyar nan ta jijjiga ni ni saurayi, balle shi. Amma da muka isa Salaga ya ƙi wucewa gida kai tsaye. Ya ratsa ta tsakiyar kasuwa yana ɗingishi, yana gaida mutane, duk wanda ya tambaya ya gaya masa inda zai sauka. A gida kawu ya buɗe masa ɗakin da ya fi kyau, ya ƙi. A bakin zaure ya shimfiɗa tabarmarsa, inda duk mai wucewa zai gani, nan ya ci tuwo, nan ya kwanta. Gari na wayewa ya dogara sanda har rumfar mahauci.

Ya ce, "Kai ne kake tambaya ina baƙo? Ga baƙo. Ya ci, ya kwana, ya tashi."

Mahaucin ya ajiye wuƙa, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Da yamma ya aiko wa kawu da cinya guda.

Tsohon bai koma ba sai da ya ga an fara warware tabarmi a ɗakunan. Ba duka baƙin suka dawo ba, amma tuwo ya daina komawa ciki.

Har yau in na ga mutane na musu a kan abin da suka kalla, kowa na rantsuwa da abin da bai gani ba, nakan tuna kaina a kan buhun albasa. Na keta gari biyu ina neman amsar da zan kawo wa kawu a baki, alhali abin da yake bukata mutum ne da zai kwana a gidansa. Duk sanda na tuna tsohon nan a bayan mota, yana riƙe da gwiwarsa, sai in ji idona ya ciko.

Ranar da muka raka tsohon tasha, ni da kawu muka dawo tare har muka kusa gida. Sai ya rage murya, kamar mai tsoron a ji shi.

Ya ce, "To amma tsakani da Allah, ɗana, wa ya kashe shi?"

Kawu ya rasu ban samo masa ba.