Gyaran da Wendell Ya Yi wa Tsohon Akwati

Duk garin Longview babu mai zargin mutane kamar maƙwabcina Wendell Prochaska. Ko gaishe shi ka yi, sai ya ce akwai abin da kake nema. A gyaran kayan lantarki ya tsufa, kuma bai taɓa barin mataccen abu ya fita daga shagonsa ba. Abin kunya ne a wurinsa.

'Yarsa Lorene tana da 'yar masana'anta, suna ƙera na'urar da ke sa ido kan wutar da ke shiga inji, in wutar ta yi ƙasa ta yi ƙara. Sai wani babban kamfani ya maka ta kotu, wai dabarar tasa ce, yana da takardar mallaka. In aka kayar da ita, masana'antar ta rufe ke nan.

Lauyanta ya ce mafita ɗaya ce, a nuna cewa dabarar a fili take tun da can, duk ɗan sana'ar zai iya gano ta. Lorene ta tuna da wani tsohon akwatin wuta a shagon ubanta, mai kusan irin wannan aikin.

Lauyan ya zo da kansa. Wendell ko kujera bai ba shi ba.

"Yana aiki kuwa?" in ji lauyan.

"Ina ruwanka? Ka dawo Litinin."

Yana tafiya Wendell ya leƙo ta shinge ya ce mini, "Ka ji tambayarsa? So yake a jona gaban alƙali ya ƙi tashi, a ce tsoho ya ruɗe. Wa ya sani ko kamfanin ya saye shi?"

Na ce ya kira Lorene tukuna, kada garin neman gira a rasa ido. Ya ce tun ba a haife ta ba yake sana'ar. Ya shige shago ya hau gyara.

Ranar Litinin Lorene da lauyan suka zo, ni ma ina wurin, akwatin ya tashi garau. Lauyan ya buɗe murfin, ya ga sabuwar dalmar da aka liƙe wayoyi da ita tana walƙiya, ya dafe kai.

Ya ce, "Baba, ai da tsatsarsa muke so. Yanzu cewa za su yi jiya aka haɗa shi."

"Ban ƙara komai ba. Yadda yake na mayar da shi."

"Wa zai yarda?"

Wendell ya juya wurin 'yarsa. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Ta daɗe tana kallon dalmar.

"Aikin ya yi kyau, Baba," in ji ta. Ta ɗauki mukullin mota, ta tafi ta gaya wa ma'aikatanta cewa hujjarsu ta lalace.